Hannun Sarki Taizong a Jikin Dutse

Mutanenmu da ke zuwa ƙasar Sin, yawancinsu a Gwanzu suke sauka, a can kuma suke ƙare harkarsu. Daga filin jirgi sai masauki, sai kasuwannin kayan sola da batura da kayan gyaran babur, sai Juma'a a masallacin da ke gefen kabarin da Musulmin can suke dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, sai ɗaurin kaya a kwantena, sai gida. Abin da ya fitar da ni daga wannan layi shi ne ɗan ƙanwata, yaron da ya tashi a Isa, ya sami gurbin karatun injiniya a birnin Shi'an. Uwarsa ta ce tunda ƙafata tana kaiwa ƙasar, lallai in je in ga inda yake kwana da abin da yake ci.

Jirgin ƙasan da ya ɗauke ni daga Gwanzu yana cin kilomita 300 a awa. Gudun bai dame ni ba kamar wani abu dabam: ban ji wanda ya tambayi wani ko hanya lafiya ba. Mutumin Sabon Birni ba ya sa ƙafa a mota yanzu, ko ta Goronyo zai bi zuwa Sakkwato ko ta Isa da Shinkafi zuwa Ƙauran Namoda, sai ya bugi waya ya ji labarin hanya. A can kuwa tsofaffi na barci, yara na wasa, gonakin shinkafa suna wucewa har suka koma na alkama da masara.

Shi'an birni ne mai ganuwa, kuma ganuwar tana tsaye cif, zagayenta ya kusa kilomita 14, faɗin samanta har ana tuƙa keke. Sarakunan daular Ming ne suka gina wannan. Tsohon birnin da ya gabace ta, Chang'an na daular Tang, ya ninka ta girma sau da yawa: unguwanni 108, kowace da katangarta da ƙofar da ake rufewa da dare idan an buga ganga, da manyan kasuwanni biyu, ta gabas da ta yamma, inda fataken Farisa da Samarƙandi ke sauke raƙuma. Kusa da ƙofar kudu, cikin harabar tsohon ɗakin tunawa da malaminsu Kwanfushiyas, akwai wurin da suke kira Beilin, dajin allunan dutse. Nan yaron ya kai ni.

"Kawu," ya ce, "kai da ka yi allo har ka sauke, wanga wuri naka ne."

Tun shekarar 1087 aka fara tara duwatsun a nan. Alluna ne baƙaƙe, wasu sun fi mutum biyu tsayi, wasu an ɗora su a bayan kunkurun dutse, jere a zaure bayan zaure. A zauren farko akwai duwatsu 114 da aka sassaƙa a shekarar 837, ɗauke da manyan littattafan karatunsu, haruffa sun kai 650,000. Dalilin sassaƙawar shi ya fara kama ni. Masu kwafe littafi da hannu suna kuskure, wannan ya tsallake harafi, wancan ya ƙara, sai aka ce a kafa matani guda a dutse, duk mai shakka ya zo ya gwada nasa da shi. Duk wanda ya ga yadda alarammomi suke zama su bi rubutun sabon mahaddaci aya aya kafin su yarda da shi, zai gane damuwar mutanen nan.

Na daɗe tsaye a kan wasu ma'aikata suna ɗaukar kwafi. Sukan jiƙa farar takarda mai laushi su manna ta a dutsen, su bubbuga har ta shiga kowane ramin harafi, idan ta sha iska su ɗauko ƙullin tsumma mai tawada su riƙa dannawa a hankali. Takardar ta yi baƙi wuluk, haruffan su fito farare tas. Da wannan dabara hannun mutumin da ya mutu shekara dubu da ta wuce yake shiga jakar ɗan makaranta a yau. Tawadar tasu 'yar'uwar tamu ce. Mu ƙaro da zuge muke haɗawa a kurtu, su kunkunniyar itace da danƙon fata suke cuɗawa su busar ta zama sanda, in za a yi rubutu a goga ta a kan dutse da ɗigon ruwa. Alƙalamin ne ya bambanta. Namu na gamba yana rufa wa mai shi asiri, domin kaurin layi tun wurin fiƙa aka yanke shi. Nasu gashin akuya ne ko na zomo a bakin siririn gora, kuma ba ya ɓoye komai. Inda hannu ya danna, inda ya ɗaga, inda ya yi sauri, inda ya yi shakka, duk suna nan a takarda, ba kuma a komawa a gyara. Shi ya sa suka ɗauka cewa rubutun mutum shaida ne a kan halinsa, har a zamanin Tang kyan hannu yana cikin abubuwa huɗu da ake dubawa kafin a ba mutum muƙami, tare da kamala da iya magana da iya yanke hukunci.

Sarkin da ya ɗora rubutu a wannan matsayi sunansa Li Shimin, tarihi ya san shi da Taizong. Ya hau karaga a 626, shekara 4 bayan Hijira, ya mutu a 649, lokacin halifancin Sayyidina Usmanu. Ba Musulmi ba ne, kuma jakadun halifa ba su iso Chang'an ba sai 651, a zamanin ɗansa. Hawansa mulki ma da jini ne: a ƙofar fada ta arewa ya yi wa yayansa mai jiran gado da ƙanensa kwanton ɓauna, aka kashe su, uban ya sauka ya ba shi. Wannan tabo ne, kuma marubutan tarihinsu ba su goge shi ba. Ban faɗi haka don in rage masa daraja ba. Na faɗa ne domin mai karatu ya san cewa mutumin da zan yaba jarumin yaƙi ne tun yana saurayi, shi ya ci wa ubansa ƙasar da bakin takobi bayan kafa daular a 618. A Beilin ɗin akwai siffofin dawakinsa na yaƙi da aka sassaƙa don kabarinsa, guda shida ne asali, huɗu suna nan, biyu an fitar da su ƙasar a farkon ƙarni na 20, yanzu suna jami'ar Pensilbaniya a Amurka. Wasu an sassaƙa su da kibau a jiki, yadda suka fito daga fagen fama. Bagobiri ba ya ganin doki da kibiya a ƙirji ya wuce bai tsaya ba.

Bai cika wata guda a kan mulki ba sai ga Turkawan gabas, mahaya dawakin dajin arewa, sun sauko har bakin kogin Wei, tafiyar hantsi daga fadarsa. Shekaru suna shigowa ƙauyukan kan iyaka suna kwasar hatsi da mutane. Sarki ya fita da mahaya shida, ya tsaya a gaɓar kogi ya yi magana da sarkinsu, aka yi sulhu, aka ba su dukiya suka juya. Da yaron ya kai nan a labarin sai na ce ya dakata, domin sulhu irin wannan mun san shi. Mun ga an zauna da 'yan bindiga, mun ga ƙauyuka suna tara kuɗi kafin a bar su su yi shuka, su sake tarawa kafin girbi. Mun ga mutanenmu sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi da tabarmi a kai. A watan Disamba na 2021 an ƙone matafiya cikin mota a hanyar Sabon Birni, a watan Agusta na 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Allah Ya jiƙan su. Abin da nake son ji shi ne me Taizong ya yi washegarin sulhunsa.

Ya kirawo dakaru cikin farfajiyar fada, ya sa su koyon harbi kullum, shi da kansa yake duba su yana ba wanda ya ƙware kyauta, duk da fadawa suna tsoron a sako kibiya kusa da sarki. Ya rage ma'aikatan da suka yi yawa, ya sassauta wa manoma. Ya jira har sanyi ya kashe dabbobin abokan gaba kuma kansu ya rabu. A 630 sarkin yaƙinsa Li Jing ya afka musu, aka kamo sarkin nan da ya tsaya a bakin kogi, aka kawo shi Chang'an. Shekara huɗu ke nan tsakanin biyan dukiya da kama mai karɓa. Bai kashe shi ba. Ya ba shi gida, ya zaunar da jama'arsa a filayen kan iyaka, ya sa manyansu cikin rundunarsa da muƙamai, har kabilun arewa suka ba shi laƙabin babban sarkinsu. Littattafan tarihinsu sun ce a shekarar nan mutum 29 kaɗai aka yanke wa hukuncin kisa a duk faɗin ƙasar. Ko da marubutan fada sun ƙara gishiri, hanyoyin fatauci da suka buɗe bayan haka ba a takarda kawai suka buɗe ba.

To, wannan mutum, da ƙurar yaƙi a rigarsa, shi ne yake komawa ya zauna gaban malami ya riƙe alƙalami. A shekarar da ya hau mulki ya buɗe zauren karatu a cikin fada, ya sa manyan gwanayen zamanin, Yu Shinan da Ouyang Shun, su koya wa 'ya'yan manya rubutu. Shi kansa almajirin Yu Shinan ne. Ana ba da labarin cewa akwai wata lanƙwasa mai ƙugiya da ta gagare shi. Wata rana ya rubuta harafi ya bar gurbinta, malamin ya cike masa, sai ya nuna wa wazirinsa Wei Zheng ya ce ya duba ko hannunsa ya kamo na malam. Waziri ya duba ya ce a duk harafin, lanƙwasar nan ce kaɗai ta yi kama da ta malam. Sarki ya yaba idonsa, ya koma ya ci gaba da gwaji.

Wannan labari ya fi duk duwatsun zauna mini a rai, saboda wanene Wei Zheng. Mutumin yayan sarki ne da aka kashe, kuma shi ya taɓa ba maigidansa shawarar ya riga Li Shimin. Da aka kawo shi gaban sabon sarki bai musa ba. Maimakon a sare shi, aka naɗa shi mai faɗa wa sarki kuskurensa, ya kuwa yi aikin har ya mutu, an ce sau fiye da 200 yana tsayawa ya ce ba haka ba. An ce wata rana sarki ya shiga gida a fusace yana cewa sai ya kashe wannan baƙauye. Matarsa, sarauniya Zhangsun, ta shiga ta sako kayan sarauta ta zo ta yi masa murna, ta ce ai bafade ba ya samun bakin faɗin gaskiya sai a gaban sarki mai hankali. A ganina hali guda ne a wurare biyu. Wanda ya iya jure a ce masa harafinsa ya karkace, shi ne zai iya jure a ce masa hukuncinsa ya karkace.

A titin da ke fita daga Beilin, inda shagunan alƙaluma da tawada da takarda suke jere, na ga hannun sarkin da kansa. Wani mai shago ya warware mini kwafin rubutun da ya yi a 646 a wani wurin ibada kusa da birnin Taiyuan, dutsen yana can tsaye har yau. Kafinsa, rubutun dutse tsayayye ne, harafi harafi, cikin nauyi. Shi ya fara sa rubutun tafi-da-gidanka, irin na wasiƙa, a jikin allon dutse. Ban iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma wanda ya yi satu a allo shekaru ya san hannun da ya saba da wanda yake rawa. Layukan suna gudu ba tare da sun zube ba, suna kauri suna sirancewa kamar rubutun gwanin da ya rubuta Alƙur'ani da ka har ya daina tunanin alƙalami. Akwai wani rubutunsa kuma a kan ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa a gindin dutsen Li, gabas da Shi'an. Dutsensa ya ɓace, sai kwafi guda na zamanin Tang da aka tsinta cikin kogon Dunhuang, wani Bafaranshe mai suna Paul Pelliot ya ɗauke shi a 1908 ya tafi da shi Faris.

Gwanin da Taizong yake kwaikwayo ya riga shi da kusan shekara 300. Sunansa Wang Shizhi. A 353 ya rubuta gabatarwa ga waƙoƙin da abokansa suka yi a wani taron shaƙatawa a bakin rafi, haruffa 324, kuma har yau Sinawa suna ɗaukar takardar nan a matsayin ƙololuwar rubutunsu. Taizong ya sa aka bi ƙasa ana sayen duk abin da hannun Wang ya taɓa. Bayan mutuwar Yu Shinan a 638, Wei Zheng ya kawo masa Chu Suiliang, wanda yake tantance na gaske da na jabu. Ita takardar ta 353, labari ya ce tana hannun wani tsohon mai ibada da ya ɓoye ta, sai da aka tura masa jami'i cikin shigar ɗalibi ya yaudare shi. Wannan ban yaba ba, kuma ban yaba abin da aka ce ya biyo baya ba, cewa an binne ta tare da sarkin. Abin da ya cece ta shi ne kafin nan ya sa gwanayen fada sun kwafe ta layi bisa layi an rarraba wa manya. Ɗaya daga cikin kwafin yana gidan tarihin fadar Bejin.

Dutsen da ya haɗa Taizong da Wang yana Beilin. Wani malamin addinin Buda, Shuanzang, ya tafi Indiya da ƙafa neman littattafai, ya dawo a 645 da guda 657. Sarki ya ba shi wuri da mataimaka don fassara, a 648 kuma ya rubuta wa aikin gabatarwa. Sai wani mai ibada, Huairen, ya ɗauki alkawarin fito da maganar sarki cikin hannun Wang Shizhi, mutumin da ya daɗe a ƙasa. Ya bi tsofaffin takardu yana tsinto harafi ɗaya ɗaya, yana daidaita girmansu, fiye da shekara 20, aka kafa dutsen a 672. Ba nisa da shi akwai wani na 781, da rubutun Sinanci da na Suriyanci, yana ba da labarin wani malamin Kirista da ya iso Chang'an a 635, sarki ya sa aka fassara littattafansa aka duba, sannan ya ba shi izinin zama.

Magariba ta same mu a unguwar Musulmi, bayan hasumiyar ganga. Babban masallacin Shi'an gininsa irin na Sin ne, farfajiya bayan farfajiya, rufi mai lanƙwasa, kuma a bangon ɗakin salla an sassaƙa Alƙur'ani a allunan katako. Larabcin da ke kan ƙofofi da alƙalamin gashi aka yi shi, alifansa masu kauri a ciki da sirara a baki. Wani dattijo mai farar hula ya ga ina bin rubutun da ido, ya yi mini sallama. Na nuna masa hoton shafin Alƙur'anin gidanmu a waya, rubutun hannu na Warshu, da jan wasali da ɗigon hamza rawaya. Ya ƙura masa ido, ya tsaya a kan fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo guda a sama, yaron ya yi masa bayani, sai ya kama karantawa a hankali har ƙarshen shafin.

Mu ma ba baƙin sarki mai alƙalami ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, ya yi musayar wasiƙu da Shehu Laminu na Barno, ya aika wa sarkin Ingila takarda ta hannun Bature matafiyi Kilafatan a 1824, kuma shi ne ya jera ribaɗoɗi a kan iyakar nan tamu, ya zauna a Wurno har rasuwarsa a 1837. Takardun zamanin, da yawansu a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku da ake kawowa ta Tarabulus, wasu suna gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, wasu a Gidan Arewa a Kaduna. Da yawa kuma suna cikin gafaka a zaurukan malamai a Isa da Sabon Birni da ƙauyukansu, inda gara da ɗigon damina suke cinsu, yanzu kuma ga gudun hijira, wanda ba ya barin mutum ya tsaya ɗaukar littafi. Alkalawa, birnin Bawa Jangwarzo da ya faɗi a 1808, tana nan kusa da mu, tudun ganuwa da kaburbura, sauran labarin yana bakin maroƙa da tsofaffi. Takaicina a Beilin shi ne dabarar ba ta da tsada. Waya mai kyamara da almajiri mai haƙuri sun isa su kwafe duk abin da ke cikin gafakar wani zaure a mako guda.

Kafin in koma Gwanzu muka ɗauki mota zuwa Zhaoling, arewa maso yamma da birnin, inda aka haƙa wa sarkin kabari a cikin dutsen Jiuzong. Kewaye da shi akwai kaburbura fiye da 180 na 'ya'yansa da sarakunan yaƙinsa da fadawansa, har da Turkawan da suka yi masa aiki. Na Wei Zheng yana kan wani tudu kusa da na sarki, kusancin da ba a ba sauran fadawa ba. Da ya mutu a 643, Taizong da kansa ya tsara kalmomin allon kabarin, ya kuma rubuta su da hannunsa. Watanni kaɗan bayan haka aka sami wasu mutum biyu da marigayin ya taɓa yabawa da hannu a rikicin ɗan sarki mai jiran gado. Sarki ya fusata, ya sa aka ture allon, ya fasa auren 'yarsa da ɗan Wei Zheng. A 645 ya jagoranci yaƙi zuwa Koriya, wani gari mai ganuwa ya tsayar da shi har sanyi ya shigo, ya juyo da asarar mutane da dawaki. A kan hanyar dawowa ya ce da Wei Zheng yana raye da bai bar shi ya yi wannan tafiya ba. Ya tura manzo da gaggawa aka yi wa kabarin hidima, aka ɗaga allon aka mayar da shi mazauninsa, ya kuma sa aka kawo masa matar marigayin da 'ya'yansa har sansani ya yi musu alheri.